Bayanin Canjin Naira da Sefa, da Asalin Kowannensu

 

Dalilin wannan bayani shi ne, tun da kaka ta kama, da wuya a tashi kasuwa wani bai tsai da mu a bakin rumfa ya ce, "Alhaji, yau nawa jaka?" ba. Wani mai niyyar zuwa Maigatari ne ranar Alhamis sayen wake, wani kuma baƙi ne daga Damagaram suka taya masa gero, yana so ya san ko tayin ya yi. In mun faɗa masa, sai mu ga ya tsaya yana motsa baki yana ƙirga da yatsu, bai san inda zai ɗora lissafin ba. Saboda haka muka ga ya kamata a rubuta abin sau ɗaya, kowa ya ajiye a aljihu.

Farkon abin da za a riƙe, mutumin Nijar ba ya ƙirga kuɗinsa da lambar da aka buga a jikin takarda. Lambar da ke jiki ta faran ce, wadda su ke kira tamma, amma bakinsa da dala ya ke magana, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Ƙarfen da aka rubuta wa 25, dala biyar ke nan. Mai 50 dala goma, mai 100 dala ashirin. Takarda mai 500 dala ɗari ce, mai 1,000 kuwa dala metan, ita ce jaka, su kan ce jikka. Daga nan sai mai jaka biyu, da mai jaka biyar, da babbar cikinsu mai jaka goma. Kuma galibi ba ya ma faɗin kalmar dala. In ya ce maka "ɗari da hamsin," to, dala ya ke nufi, watau tamma 750.

Wannan ita ce ta ka da wani ɗan ƙanenmu. Yaron ya yi boko, wayarsa ma tana lissafi, sai aka aike shi karon farko ya ƙetare iyaka zuwa wata kasuwar ƙauye a ƙasar Dungas, lokacin jaka tana naira 2,500. Ya tambayi tiyar wake, aka ce masa ɗari da hamsin. Ya buga 150 sau naira biyu da rabi, ya ga naira 375, ya duba naira 300,000 da ke jikinsa, ya ce ai buhu ashirin ne. Nan take ya kama mota, ya sa aka fara awo. Da aka zo biya, sai ga tiya naira 1,875, kuɗinsa buhu huɗu cif. Ba wanda ya cuce shi, mai wake ya faɗi farashinsa daidai da harshen garinsu. Ya biya mai mota kuɗin ɓata lokaci, ya dawo ya yi kwana uku bai leƙo rumfa ba. Mun ce masa, kai yaro, irin wannan araha ita ya kamata ta fara ba ka tsoro.

Akwai kuma wata jakar tamu ta gida, kada a haɗa su. Dattijon Gaya in ya ce jaka, fam ɗari ya ke nufi, watau naira 200. Jaka biyar a bakinsa naira 1,000 ce, a bakin Badamagare kuwa tamma 5,000 ce, wadda a farashin da muka ambata ta kama naira 12,500. In za a ƙulla ciniki, a ce "jakar sefa" ƙarara, a gaban shaidu.

To, ga lissafin. Za mu ɗauki naira 2,500 a kan jaka domin misali kawai, farashin ranar kuwa sai an tambaya. In jaka tana haka, tamma ɗaya naira biyu da rabi ce, dala ɗaya naira 12 da kwabo 50, domin an raba 2,500 gida metan. Daga sefa zuwa naira ninkawa a ke yi: buhun wake jaka 30, sau 2,500, ya zama naira 75,000. Ko ka bi ta tiya: dala 150 sau goma sha biyu da rabi, naira 1,875, sau tiya arba'in na buhu, ka komo kan 75,000 ɗin nan. Daga naira zuwa sefa kuwa rabawa a ke yi: naira miliyan ɗaya a raba da 2,500, jaka 400 ke nan.

Wahalar tana zuwa ne in ka ƙetare, domin can su kan juya maganar. Ba za su ce maka jaka naira kaza ba, sai su ce dubun naira dala kaza ce. Ga makullin: ka raba 200,000 da adadin dalar da aka faɗa maka, abin da ya fito shi ne kuɗin jaka da naira. In an ce dubu tana tamanin, 200,000 a raba da 80, jaka tana 2,500. In an ce saba'in da takwas, jaka ta koma 2,564. Kunne ba ya jin nauyin dala biyu, amma naira 64 ce a kan kowace jaka, mai sayen buhu ɗari kuwa jaka 3,000 zai nema, ya zama ya ƙara wajen naira 192,000 bai sani ba. Kuma a lura, a wannan ƙirgar in lamba ta sauka, naira ce ta faɗi, ba sauƙi aka samu ba.

Har wa yau ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa. Zai sayi jakarka a 2,480, ya sayar maka a 2,520, abincinsa yana cikin wannan naira arba'in, ba laifi. Amma wanda ya canji jaka 3,000, ya je bai sami kaya ba, ya dawo ya mai da su naira, ya bar naira 120,000 a kan tabarmar ɗan canji, ban da kuɗin mota. Shi ya sa mu ba mu canjin kuɗi duka sai mun ga kaya da idonmu.

Yanzu sai asalinsu, domin wanda ya san asalin abu ya fi sanin halinsa.

Kafin zuwan Turawa, Kano da Damagaram da Katsina da Maraɗi kuɗinsu ɗaya ne, wuri. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Wuri 20,000 shi ne jaka, daga nan sunan ya fito. Akwai kuma babbar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniyarsu, wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada, ita ce dala ta asali, har yanzu a kan gan ta cikin kayan adon tsofaffin mata. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, Faransa kuma ta riƙe arewa, sai aka ja layi a tsakanin 'yan'uwa, wannan ɓangare Ingilishi, wancan Faranshi, kowa da kuɗinsa. A 1912 Ingila ta kafa wata hukuma a Landan mai buga kuɗi ɗaya domin Nijeriya da Gwalkwas, wadda ta zama Gana, da Saliyo da Gambiya. Su ne su anini da ɗari da kwabo mai huji da taro da sisi da sule da fam, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Haraji da cinikin gyaɗa su suka tura wannan kuɗi har cikin ƙauye, wuri ya mutu.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fito da fam na ƙasa. An canja takardun a 1968 ana cikin yaƙin basasa. Sa'an nan ranar 1 ga Janairu, 1973, zamanin Janar Gowon, aka ajiye fam aka kawo naira, kwabo ɗari naira ɗaya. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama sabon kwabo goma, sisi kwabo biyar. Sunan naira daga sunan Nijeriya aka yanko shi, Cif Obafemi Awolowo ne ya raɗa. Iyayenmu sun daɗe ba su saki tsohon harshe ba, har gobe akwai tsohuwar da za ka miƙa wa naira goma ta ce fam biyar.

Naira ta taso da ƙarfinta, kuɗin man fetur na shigowa. A 1980 dalar Amurka ba ta wuce wajen kwabo 55 a banki ba, jakar sefa kuwa a lissafin banki ba ta cika naira uku ba. Takarda mafi girma a lokacin ita ce mai naira 20 ta 1977, wadda mu ke kira Murtala. Mun tuna muna yara a makarantar allo, in wani attajiri ya ba malam Murtala guda, labarin ya kan kwana yana zaga unguwa.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja launin takardun naira, ta ba da kwanaki ƙalilan a mai da tsofaffi, ta kuma rufe iyakoki domin kada kuɗin da ke waje su shigo. Fatake da yawa a Maraɗi da Damagaram suka wayi gari da takardun da ba su sayen kome. Iyakar ba ta buɗu ba sai 1986, kuma abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. A watan Satumba na 1986, zamanin Janar Babangida, aka fara gwanjon kuɗin ƙasashen waje, aka bar kasuwa ta yanka wa naira farashi. Tun daga ranar ta kama gangara. Duba takardun da suka biyo baya: 50 a 1991, 100 a 1999, 200 mai hoton Sardauna a 2000, 500 a 2001, 1,000 a 2005. Kowace babbar takarda ta fito, shaida ce ƙaramar ta daina aiki. An sake sakin naira a watan Yuni na 2016, aka kuma sake a watan Yuni na 2023 zamanin Shugaba Tinubu, har a 2024 dalar Amurka ta haura naira 1,500, jaka ta haura 2,500. Daga ƙasa da naira uku zuwa wannan, ninki kusan dubu ke nan, cikin rayuwar mutum ɗaya.

Ita kuwa sefa ta girmi naira. Faransa ce ta kafa ta ranar 26 ga Disamba, 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, domin ƙasashen Afirka da ta ke mulka. Sunan daga harufa uku ne na Faransanci, C da F da A. Bayan samun mulkin kai aka bar harufan, aka canja musu fassara. Tun ranar farko a ɗaure ta ke da kuɗin Faransa a kan ƙayyadadden farashi. Daga 1960 faran ɗaya na Faransa tamma 50 ne, watau dala goma, kuma haka ya tsaya bai motsa ba har 1994. Ƙasashe takwas ke cin ta a yammacin Afirka: Nijar, Binin, Togo, Barkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau, wadda ta shigo a 1997. Mali ta taɓa fita a 1962, ta yi nata kuɗi, ta komo a 1984. Babban bankinsu guda ne, BCEAO, hedkwatarsa tana Dakar, saboda haka gwamnatin Yamai ba ta da ikon ta buga sefa don kanta in aljihunta ya bushe. Wannan shi ne ƙarfin sefa, kuma shi ne abin da masu sukarta ke kuka da shi, su na cewa ƙasa ta sami 'yanci amma ragamar kuɗinta tana hannun wasu.

Kada kuma a ce sefa ba ta faɗuwa. Ta faɗi sau ɗaya, faɗuwar da ba a mantawa. Shugabanninsu suka taru a Dakar, aka wayi gari ranar 12 ga Janairu, 1994, faran ɗaya na Faransa ya koma tamma 100. Rabin darajarta ya tafi cikin dare guda. Lokacin muna samari muna bin iyayen gidanmu kasuwa, mun ga waɗanda suka tara sefa a adaka don gudun naira sun zauna jugum. Dabbobin Nijar da wakensu suka yi araha a idon mai naira na ɗan lokaci, kafin ita ma naira ta ci gaba da nata gangaren. Da Faransa ta shiga kuɗin Turai na haɗin gwiwa ranar 1 ga Janairu, 1999, sai aka ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya tamma 655.957, mu ce 656. A watan Disamba na 2019 Shugaba Ouattara na Kwaddibuwa da Shugaba Macron na Faransa suka ba da sanarwa a Abijan cewa za a daina ajiye rabin kuɗin ajiyar ƙasashen a baitulmalin Faransa, amma ɗaurin da yuro bai canja ba. Nijar da Mali da Barkina Faso sun fita daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, ba su kuwa fita daga sefa da wannan fitar ba.

Wannan ɗauri yana da fa'ida ga mai lissafi. Tun da yuro tamma 656 ne, jaka ɗaya yuro ɗaya da rabi ce da 'yar ɗoriya. In ka ji a rediyo ko daga Wapa cewa yuro yana naira 1,700, ka ƙara rabinsa, 2,550, ka ɗora kamar arba'in, jaka tana wajen 2,590. In ɗan canji a bakin iyaka ya faɗa maka abin da ya yi nisa da wannan, ka tambaye shi dalili, ko ka matsa rumfar gaba. Ɗan bambanci kam dole ne, domin iyaka tana da nata yanayi. Gabanin Sallar layya, masu sayen raguna na neman sefa, jaka ta kan ɗaga. Da bazara kuma in mutanen Nijar suka sauko neman hatsi suna zubar da sefa, ta kan yi laushi.

Wani zai ce, ni da ban taɓa wuce Gumel ba, ina ruwana da jaka? To, ruwanka ne har wuya. A Maigatari da naira a ke ciniki, amma mai kayan da ya ƙetaro da sefa ya ke lissafi a zuciyarsa. Kuma gero da dawa da masara na ƙasar nan suna hawa arewa, wake da riɗi da dabbobi suna saukowa. Ka ɗauki mutumin Damagaram mai jaka 20. Da jaka tana 2,500 buhun naira 50,000 ya ke iya saye. In ta koma 3,000, kuɗin nan nasa sun zama naira 60,000 bai ƙara ko tamma ba, sai ya taya sama da kai. Dawanau ta ɗaga, dillalai su bazu ƙauye, kafin mako ya zagayo kwano ya tashi a Gaya da Kademi da Toranke. Manomin da hatsinsa ke rumbu ya yi murna, wanda ya sayar tun da kaka ya zo saye da damina shi ke shan wuya. Mu kanmu 'yan hatsi ba kullum mu ke cin moriyar ba. Wanda ya sayo wake buhu ɗari a jaka 30 bashi, jaka tana 2,500, ya sayar da naira, ranar biya ya tarar ta koma 2,650, kowane buhu ya tashi daga 75,000 zuwa 79,500, naira 450,000 ta fita daga ribarsa, wani lokaci har ta taɓa uwar kuɗi.

Nan ne maganar shari'a ta shigo, kuma ba mu so a tsallake ta. Mun karanta a babin ciniki na Risala cewa musayar zinariya da azurfa ba ta halatta sai hannu da hannu. Malamanmu sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci, kowane kuɗin ƙasa jinsi ne daban. Saboda haka sayar da jaka a naira 2,500 ko 2,600 ba laifi, yadda aka yi yarjejeniya, amma sai an karɓa an bayar kafin a rabu. "Ba ni jaka ɗari yau, in kawo maka naira Alhamis mai zuwa" ba canji ba ne, ƙofar riba ce wadda aka hana. In ta waya a ke turawa, abin da muka ji daga malamai shi ne a zauna wuri ɗaya har saƙon shigar kuɗi ya iso. Bashi kuwa da kuɗin da aka ci shi da su a ke biya, wanda ya ranci sefa ya mai da sefa. In ranar biya suka yarda a biya da naira, to, da farashin ranar biya, kuma a gama nan take. Yawancin rigimar da mu ke sasantawa a rumfa daga nan ta ke tasowa, ɗaya yana lissafi da farashin ranar karɓa, ɗaya da na ranar biya, ba wanda ya rubuta kome. A rubuta, ko da a bayan kwalin sigari ne, a sa sunan kuɗin da adadinsa.

Ragowar tanbihi kaɗan ne. Sefa iri biyu ce. Ta Cadi da Kamaru da maƙwabtansu huɗu dabam ta ke, bankinta BEAC yana Yawunde, darajarsu ɗaya a kan yuro, amma mai wake a Magarya ba zai karɓe ta ba, ɗan canji ma sai ya rage maka. Ka duba harufan BCEAO a jikin takarda kafin ka sa aljihu. Yagaggiyar takarda ko wadda ta sha mai, ka mayar tun a gaban mai ita. Kada kuma a tara dukiya duka a takarda ɗaya, mun ga 1984, mun ga 1994, mun kuma ga farkon 2023 bayan da aka sake fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, tsabar naira ta ɓace daga kasuwa, mai gero ya rasa mai saye, har wasu garuruwan bakin iyaka suka koma ciniki da sefa.

Kafin a ɗora kaya a mota kuma a tambayi halin hanya. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023, sai a watan Maris na 2024 ta buɗu, a watan Oktoba na shekarar kuma gwamnatin Nijar ta sa dokar hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje ban da Mali da Barkina Faso. Mai niyyar Maigatari ya tambayi direbobin Gujungu da Gumel tun ranar Laraba, ya kuma buga wa mutuminsa na Wapa da safiyar Alhamis ya ji kuɗin jaka kafin ya kwance lalitarsa.